Kallon jiragen ƙasa a York: gidan tarihi, tasha da ɗan littafin lambobi

A Birtaniya akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne tsayawa a bakin layin dogo suna kallon jiragen ƙasa, suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya gifta ta gabansu. Ba yara kaɗai ke yi ba, domin za ka tarar da dattawa masu furfura da kujerar naɗewa da filas ɗin shayi, da iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, da samari masu rataye da kyamarori, kuma harkar ta yi girman da take ciyar da mujallu da shaguna da kamfanonin ɗab'i. Duk wanda karatu ko aiki ko ziyara ta kai shi ƙasar, yake kuma son ya ɗanɗana wannan harka ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba, birnin York da ke arewacin Ingila ne inda zan fara tura shi. Abubuwa uku ne suka taru wuri ɗaya a can, su ne kuma zan auna a nan: babban gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya, da tashar jirgin da ke maƙwabtaka da shi, da ɗan littafin aljihu na lambobin jirage wanda masu wannan sha'awa ba sa rabuwa da shi. A ganina gidan tarihin ya cancanci sunan da ya yi, amma wanda ya tsaya a kansa kaɗai rabin abin ya gani, kuma littafin nan mai arha shi ne ke sa mai kallo ya san abin da yake kallo.

York tana kan babban layin gabas wanda ya tashi daga tashar King's Cross a Landan ya nufi Edinburgh, babban birnin Sikotland, tafiyar mil 393. Daga Landan zuwa York mil 188 ne, wato kusan tsakiyar hanya, kuma jirgi mai sauri yakan cinye wannan tazara cikin kimanin awa biyu. Layukan da suka fito daga Leeds da Sheffield da Harrogate da Scarborough duk a nan suke haɗuwa da babban layin. Wannan matsayi ba haka kawai ya faɗo ba: wani attajirin garin mai suna George Hudson, wanda aka yi wa laƙabi da sarkin reluwe, shi ne ya dage a shekarun 1830 da 1840 sai da layuka suka biyo ta York, kodayake shi kansa ya ƙare cikin abin kunya bayan da aka bankaɗo almundahanarsa a 1849. Ga mai kallo, amfanin wannan tarihi shi ne da wuya a yi 'yan mintoci da rana ba a ga wani jirgi yana shiga ko fita ba.

An buɗe gidan tarihin a 1975, daidai lokacin cika shekara 150 da buɗe layin Stockton zuwa Darlington na 1825. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga tasha, kuma shiga kyauta ce, sai dai wanda ya ga dama ya ba da gudummawa. Babban zauren asalinsa rumfar ajiye kawunan jirage ce da gyara su, shi ya sa har yanzu akwai ƙaton faifan ƙarfe a tsakiyarsa wanda ake ɗora kan jirgi a juya shi ya fuskanci inda ake so, sauran kawunan kuma suna jere kewaye da shi. Wannan tsari ya fi jerin gwano amfani, domin daga wuri ɗaya mutum yana iya gwada tsayi da faɗi da siffar injinan da shekaru fiye da ɗari suka raba tsakaninsu. Akwai kuma ɗan allon tunawa da daren 29 ga Afrilu, 1942, lokacin da jiragen yaƙin Jamus suka yi wa York ruwan bama-bamai, wani bam ya faɗa cikin wannan rumfa ya lalata ɗaya daga cikin kawunan jirage mafi sauri na ƙasar.

Ɗan'uwan wancan da bam ya lalata shi ne abin da yawancin baƙi ke zuwa gani, wato Mallard, mai lamba 4468. Injiniya Nigel Gresley ne ya tsara shi, aka ƙera shi a Doncaster a 1938, kuma ranar 3 ga Yuli na wannan shekara, a kan wata gangara da ke kudu da garin Grantham, ya yi gudun mil 126 a awa, kimanin kilomita 203, wanda har yau babu wani jirgi mai aiki da tururi da ya zarce shi. Kafin nan Jamusawa ne ke riƙe da kambun da mil 124.5 tun 1936. Direban da ya yi wannan aiki shi ne Joseph Duddington, mai zuba masa kwal kuma Thomas Bray. Bajintar ba ta tafi salin alin ba, domin wani sashe na injin da ke tsakanin ƙafafun ya yi zafi fiye da kima, dole aka cire kan jirgin a Peterborough aka mayar da shi gyara. Idan ka tsaya kusa da shi, abin da zai fara ɗaukar hankalinka ba launinsa mai shuɗi ba ne, ba kuma hancinsa mai santsi da aka yi domin ya tsaga iska ba. Manyan ƙafafunsa ne jajaye, waɗanda tsayin kowace ya kai ƙafa 6 da inci 8, har dogon mutum sai ya ɗaga kai kafin ya ga samansu. Girman ƙafar shi ne sirrin gudun, tunda kowane juyi ɗaya yana cin ƙasa fiye da mita shida. Cikin 35 da aka ƙera na wannan rukuni, shida ne suka rage, kuma a 2013 an tara su duka a wannan zaure, har da biyu da aka ɗauko daga Amurka da Kanada.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi koyarwa a gidan, ba Mallard zan nuna ba. Akwai wani kan jirgi mai suna Ellerman Lines wanda aka yanke gefensa guda aka buɗe cikinsa, aka shafa wa kowane sashe fenti daban. A nan ne za ka bi hanyar wuta da idonka: murhun da ake zuba kwal a baya, da tarin bututun da suka ratsa ta cikin tukunyar ruwa suna ɗauke da zafi, da inda tururin ke taruwa a sama, da yadda ake sakinsa cikin silinda ya tura fistin gaba da baya, sandar ƙarfe kuma ta mayar da wannan kai-kawo ya zama juyin ƙafa. Za ka ga kuma cewa tururin da ya gama aiki ba a banza ake zubar da shi ba. Ana harba shi ta bututun hayaƙi, shi kuma sai ya zuƙo iska ta cikin murhu ya ƙara rura wutar, ta yadda duk lokacin da injin ya ƙara himma wutarsa ma sai ta ƙara ci. Wannan harbi shi ne ƙarar nan mai fita daki-daki da iyayenmu suka sani a tashoshin Kano da Zariya da Kafanchan. Na ga wani dattijo tsugune yana bin bututu da yatsa yana nuna wa jikarsa, ita kuma ta ƙi matsawa sai da ya maimaita mata inda ruwa yake da inda wuta take. Rabin awa a gaban wannan injin ya fi karatun babi guda.

Bahaushen da ya san tarihin gida zai so ya daɗe a gaban wani baƙin kan jirgi mai girman gaske da aka ƙera wa ƙasar Sin a 1935, wanda daga baya Sin ta mayar da shi kyauta. Kamfanin da ya ƙera shi, Vulcan Foundry, yana cikin waɗanda suka ƙera wa Nijeriya rukunin kawunan jiragen da aka raɗa wa sunayen koguna tun daga 1948, irin waɗanda suka yi ta jan taragun gyaɗa da auduga daga Arewa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Bambancin shi ne namu an yi su ne domin siririn layi mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, wanda shi ne ya iso Kano a 1911, alhali layin Birtaniya da na Sin faɗinsa milimita 1,435 ne. Kusa da nan akwai taragon farko-farkon jirgin Japan mai gudun tsiya, wanda aka kawo York a 2001, kuma ana barin mutane su shiga su zauna a ciki. Japan ma tsofaffin layukanta masu faɗin 1,067 ne irin namu, sai da ta tashi gina layin sauri tsakanin Tokyo da Osaka, wanda aka buɗe a 1964, ta koma mai faɗin 1,435. Shawarar da aka yanke ke nan a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma dalili ɗaya ne: layi mai faɗi, mai ƙarancin kwana, ya fi jure gudu da nauyi.

Sauran kayan ba za su lissafu a nan ba. Akwai taragun gidan sarauta, ciki har da na Sarauniya Victoria na 1869 mai shimfiɗu da labule irin na fada; akwai Evening Star, kan jirgin tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera, a Swindon a 1960; akwai wani ɗakin ajiya da aka cika maƙil da agogunan tasha da allunan suna da fitilu da kwanukan cin abinci na cikin jirgi; akwai kuma ɗakin karatu ga mai bincike. Abu ɗaya da ya kamata baƙo ya sani shi ne Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923 kuma ya zama mallakar gidan tun 2004, har yanzu yana aiki, yawanci yana can yana yawo a layukan ƙasar, don haka kada mutum ya taso takanas dominsa ba tare da ya duba inda yake ba. Haka ma wasu kayan sukan yi ƙaura tsakanin York da reshen gidan da ke Shildon.

Iyakar kowane gidan tarihi irin wannan ita ce injinan a tsaye suke, a goge, babu zafi babu ƙara. Masu gidan sun san da haka, shi ya sa suka yi wata baranda a sama wadda ke kallon layukan da suka fita ta arewacin tasha. Lokacin da na je, akwai allo kusa da ita mai nuna motsin jirage yadda masu kula da sigina suke ganinsa, kowane jirgi da lambarsa tana tsallakawa daga yanki zuwa yanki, sai ka ga lambar ta matso a allo, ka juya ka ga jirgin da kansa yana lanƙwasowa. A nan ne mutum yake gane cewa yana buƙatar jagora, domin ga wanda bai sani ba duk dogayen jiragen nan masu tsinin hanci iri ɗaya ne, fenti kawai ya bambanta su.

Asalin littafin lambobi ya koma 1942. Wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Ian Allan yana aiki a ofishin hulɗa da jama'a na kamfanin jiragen kudancin Ingila a tashar Waterloo, kuma cikin aikinsa har da amsa wasiƙun masu tambaya game da kawunan jirage. Da ya ga tambayoyin iri ɗaya ne, sai ya tattara lambobin da bayanansu a ɗan ƙaramin littafi, ya buga kwafi 2,000 a kan sule ɗaya kowanne, suka ƙare nan da nan. Daga nan yara maza a faɗin ƙasar suka samu abin yi: a ga kan jirgi, a nemo lambarsa, a ja layi a ƙarƙashinta da rula. Da koke-koke suka yi yawa cewa yara suna kutsawa cikin layin dogo, sai ya kafa ƙungiya wadda sharaɗin shigarta shi ne alƙawarin ba za ka taka inda aka hana ba.

A yau littattafan da aka fi gani a hannun masu kallo su ne na kamfanin Platform 5 da ke Sheffield, waɗanda ake sabuntawa duk shekara. Guda huɗu ne ƙanana masu shiga aljihun riga: ɗaya na kawunan jirage, ɗaya na taragun fasinja da ake ja, ɗaya na jirage masu injin dizal a ƙarƙashin taragunsu, ɗaya na masu aiki da lantarki. Akwai kuma babba mai kauri da ya haɗa su duka. Tsarin ciki ba shi da kwalliya. Kowane rukuni yana farawa da taƙaitaccen bayani na wanda ya ƙera shi da shekarun ƙira da irin injin da ƙarfinsa da nauyinsa da iyakar gudunsa, sai jerin lambobi ya biyo baya, a gaban kowace lamba kuma an sa 'yan haruffa masu nuna launin fenti da mai shi da kamfanin da ke aiki da shi da garejin da yake kwana, da sunansa idan yana da suna. Akwai 'yan shafukan hotuna masu launi da ke taimaka wa sabon shiga ya gane fuskokin jirage.

Daɗin littafin yana fitowa ne idan aka fahimci yadda lambobin suke magana. Tun farkon shekarun 1970 kan jirgi yana ɗauke da lamba mai alƙaluma biyar, biyun farko su ne rukuninsa. Jirgin da ba shi da kai daban kuma alƙaluma shida, ukun farko su ne rukuni. Misali, fararen jiragen kamfanin LNER masu jan layi a jiki, waɗanda kamfanin Hitachi ya harhaɗa kuma suka fara ɗaukar fasinja a 2019, a ido duk ɗaya suke. Amma wanda lambarsa ta fara da 801 da lantarki yake tafiyarsa, wanda ta fara da 800 kuwa yana da injinan dizal da yake kunnawa idan wayar sama ta ƙare, shi ya sa shi ne ke iya wucewa har Aberdeen da Inverness. Da zarar ka san haka, lambar da ke goshin jirgi ta fara gaya maka inda zai iya zuwa. Haka kawunan jiragen kaya na rukuni 66, waɗanda aka fara kawowa daga Kanada a 1998: ja na wani kamfani ne, kore da rawaya na wani, shuɗi da ruwan lemo na wani, kuma alƙalami na uku a lambar yakan nuna kamfanin da aka fara saya wa shi. Na ƙarshe da aka ƙera a rukunin, mai lamba 66779, an yi masa koren fenti irin na da, aka raɗa masa suna Evening Star a wannan gidan tarihi a 2016, domin tunawa da takwaransa na tururi da ke cikin zaure. Mai riƙe da littafi ne kaɗai zai lura idan wannan ya wuce ta gabansa yana jan taragun duwatsu. Tsofaffin masu kallo sun san jiragen nan ɗaya bayan ɗaya yadda makiyayi ya san kowace saniya a garkensa, da kamanninta da halinta da inda aka samo ta.

Littafin yana da iyakoki waɗanda duk wani littafi irinsa ba zai kauce musu ba. Domin ya shiga aljihu dole rubutun ya zama ƙanana, mai raunin gani zai buƙaci tabarau, kuma a kwanakin farko za ka yi ta komawa shafin fassarar haruffa kafin su zauna maka. Ba ya koyar da tarihi, ba ya gaya maka inda za ka tsaya, ba ya kuma faɗin lokacin da jirgi zai zo. Babbar matsalar ita ce yana fara tsufa tun ranar da ya fito daga maɗaba'a, domin ana sayen sababbin jirage, ana yanka tsofaffi, ana sauya fenti, kamfanoni ma suna sauya hannu. LNER ta koma hannun gwamnati a 2018, kamfanin Northern a 2020, na TransPennine a 2023. Saboda haka a duba shekarar da ke bangon littafi kafin a biya. Na ga wani mai teburin tsofaffin littattafai a gari yana jera bugun shekarun baya a kan kuɗin da ya yi kusa da na sabo, bai kuma ce wa kowa komai ba. Tsohon bugu yana da amfani ga mai binciken tarihi, amma ga mai tsayawa a tasha ɓata lokaci ne. Shawarata ga mai zuwa York na ɗan lokaci ita ce ya sayi na kawunan jirage da na masu lantarki, ya bar babban sai ya tabbatar sha'awar ta kama shi, tunda ya ninka ƙananan a kuɗi da nauyi.

Giɓin lokaci kuwa waya ce ke cike shi. Shafin Realtime Trains, wanda ake amfani da shi kyauta, yana nuna duk jirgin da zai tsaya ko ya ratsa ta wata tasha, har da na kaya, da dandamalin da zai bi da mintocin da ya makara. Kowace tafiya tana da lamba mai gurbi huɗu, kuma alƙalamin farko ya isa ya gaya maka irin jirgin: 1 na fasinja ne mai sauri, 2 mai tsayawa a ƙananan tashoshi, 5 taragu ne babu kowa a ciki, 0 kan jirgi ne shi kaɗai, 4 da 6 kuma na kaya ne masu iyakar gudun mil 75 da mil 60. Idan harafin Z ya biyo bayan alƙalamin, tafiya ce ta musamman, kuma a nan ne jiragen tururi masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido suke ɓuya. Sai dai a sani jirgin kaya ba shi da alƙawari. Wani yakan zo kafin lokacinsa da nisa, wani kuma yana cikin jadawali amma ba zai taso ba sam idan babu kaya. Wanda ya yi nisa a harkar zai ƙara da littafin taswirar layukan dogo, irin wanda S. K. Baker ya fara fitarwa a 1977, domin sanin inda kowane reshe ya nufa.

Tashar York kanta, a ra'ayina, ta fi barandar gidan tarihin daɗin kallo. An buɗe ta a 1877, lokacin tana da dandamali 13 kuma babu tasha mai girmanta a duniya. Yanzu 11 ne. An gina ta a kan kwana, don haka dogon rufinta na ƙarfe da gilashi shi ma a lanƙwashe yake, kuma daga kan gadar ƙafa da ke tsakiya za ka ga jirgi mai tarago tara yana shigowa yana bin lanƙwasar rufin daga kai har wutsiya. Babu shingen tikiti a bakin dandamali, abin da ya yi ƙaranci a manyan tashoshin ƙasar, akwai wurin zama da bayan gida da inda za a fake wa ruwa. Ƙarshen dogayen dandamali ne matattarar masu littafi: ta kudu ana ganin jiragen Landan da Leeds suna sauya layi, ta arewa kuma ana ganin layin Scarborough ya ɓalle ya haye gadar kogin Ouse. Abin da tashar ba za ta ba ka ba guda biyu ne. Na farko gudu, domin kwanar tana tilasta wa kowane jirgi ya rage, har wanda ba zai tsaya ba. Na biyu, wasu jiragen kaya suna bin wani layin kewaye da ya zagaya ta yammacin tasha da gidan tarihin, ba za ka gan su ba ko da shafin waya ya nuna sun ratsa York.

Mai son ganin gudu sai ya hau jirgi zuwa Thirsk, ƙaramar tasha kimanin mil 22 arewa da York, inda layuka huɗu suka miƙe ɗoɗar a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, manyan jirage kuma suna wucewa ta layukan tsakiya a kan mil 125 a awa, bayan shinge. A wannan yanki ne wani jirgin dizal ya yi gudun mil 148 a 1987. Ta kudu kuma akwai mahaɗar Colton, inda sabon layin da aka buɗe a 1983 domin kauce wa ramukan haƙar kwal na Selby ya rabu da layin Leeds. Ana kallo daga gadar mota, amma babu rumfa babu shago, kuma wayoyin lantarki suna shiga cikin hoto. Wanda ke tare da iyali zai fi jin daɗin hawa tsohuwar ganuwar birnin da ke daura da tasha, inda ake hango rufin daga sama.

Dokokin ba su da wuya, kuma ba a wasa da su. A babbar tasha ana so mai kallo ya sanar da ma'aikata cewa zai daɗe, ya tsaya bayan rawayan layi, kada ya haska fitilar kyamara a idon direba, kada ya wuce allon da ke ƙarshen dandamali. Taka layin dogo laifi ne da tararsa ke kaiwa fam 1,000, wayar da ke sama kuma tana ɗauke da wutar da ta kai bolt 25,000, wadda ke iya tsallakowa ba sai an taɓa ta ba. Wanda ya koyi wannan sha'awa ya dawo gida kada ya ɗauka abin ɗaya ne a tashar Rigasa ta Kaduna ko ta Idu a Abuja. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, mutumin da ya tsaya yana rubuta lambobi yana ɗaukar hoto ba tare da izini ba yana jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba, kuma masu tsaro suna da hujjarsu.

Game da tsara yini, ya fi kyau a fara da gidan tarihin da safe kafin ayarin 'yan makaranta su cika zaure, a koma tasha bayan azahar. Akwai masallaci a unguwar Bull Lane ta gabashin gari, amma da 'yar tafiya daga tasha, sai a saka shi cikin lissafi. Ƙarshen dandamali wuri ne mai iska ko da rana ta fito, don haka rigar sanyi ba ta zama kaya. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, lambobi su yi wuyar karantawa, a watan Yuni kuwa akwai haske har bayan ƙarfe tara na dare, kuma a wannan lokacin ne jiragen tururi suka fi bi ta York zuwa bakin teku a Scarborough. Ranakun Lahadi jiragen kaya kaɗan ne, sau da yawa kuma a ƙarshen mako ake rufe wani sashe na layi domin gyara a mayar da fasinjoji cikin motocin bas, saboda haka mai son cika shafukan littafinsa ya zaɓi tsakiyar mako.